Yadda na bi matakan JAMB tun daga NIN har samun gurbi, da addu'o'in da na riƙe a hanya

Duk lokacin da aka fara maganar buɗe rajistar JAMB, wato jarrabawar neman shiga jami'a, ƙannena da 'yan matan unguwarmu tambaya biyu suke zuwa mini da ita: ta ina ake farawa, kuma wace addu'a ake karantawa a ci jarrabawa. Shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta yadda tawa ta kasance a 2024, daki-daki, ko wani ya huta da ruɗanin da na shiga. Ni ba malama ba ce. Addu'o'in da zan kawo malaminmu na Islamiyya ne ya koyar da mu su, ya kuma nuna mana inda kowace ta zo. Kuɗaɗen da zan ambata na waccan shekarar ne, suna canzawa, don haka kowa ya duba na shekararsa.

Na gama sakandare a nan Kano a 2023, sakamakona na NECO yana hannu, da kiredit ɗin Turanci da Lissafi da darussan kimiyya. Abu na farko da Yayana ya sa ni yi, tun kafin a buɗe rajista, shi ne in ɗauko takardar NIN, wato lambar shaidar ɗan ƙasa, da sakamakon NECO da takardar haihuwa, mu jera su a kan tabarma mu karanta harafi-harafi. Tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da NIN, kuma sunan da ranar haihuwar da ke kan NIN ɗinka su ne na'ura za ta janyo kai tsaye, ba a tambayarka. A nan muka tarar da wanda ya yi mini rajistar NIN a wani shago shekarun baya ya rage harafi ɗaya a sunan mahaifina. Harafi ɗaya kamar ba komai ba, amma ranar tantance takardu a jami'a shi zai tsaya wa mutum a wuya. Sai da muka biya kuɗin gyara ta banki, muka kai rasit ofishin da ake gyaran, muka bi layi tun hantsi har aka yi azahar, sannan aka ce mu koma gida mu jira gyaran ya hau. Gyaran suna da sauƙin kuɗi. Na ranar haihuwa shi ne mai tsada, kuma ya fi ɗaukar lokaci. Jiran nan ya dame ni ƙwarai, domin an buɗe rajista ranar 15 ga Janairu, ƙawayena sun fara yi, ni kuwa ina gida ina duba waya.

A cikin wannan jiran ne saƙonni suka yi ta shigowa guruf ɗin ajinmu na WhatsApp: addu'ar da ake karantawa ƙafa kaza a tofa a biro, addu'ar da ke sa tambayoyin da ka karanta su kaɗai su fito, wasu har da gargaɗin cewa wanda bai tura wa mutum goma ba zai faɗi. Na kwafi uku daga ciki a takarda, bayan an tashi daga karatun yamma na tsaya na ce, "Allah gafarta Malam, wacce ce ingantacciya a cikin waɗannan?" Ya karanta su a natse, ya ninke takardar ya miƙo mini. Ya ce, "'Yata, babu wata addu'a da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe ya ce ta jarrabawa ce, balle adadi ko tofi a biro. Ki roƙi Allah nasara da Hausarki, yana jin ki. Amma in kina son lafazin da ya tabbata, akwai na neman ilimi, akwai na neman sauƙi, akwai na lokacin ƙunci." Sai ya sa na rubuta su ɗaya bayan ɗaya.

Ta farko ita ce ayar Suratu Ɗaha ta 114, "Rabbi zidni ilma", wato ya Ubangiji ka ƙara mini ilimi. Ta biyu addu'ar Annabi Musa ce, amincin Allah ya tabbata a gare shi, a cikin surar dai, aya ta 25 zuwa ta 28, lokacin da aka aike shi wurin Fir'auna: "Rabbishrah li sadri, wa yassir li amri, wahlul uƙdatan min lisani, yafƙahu ƙauli." Ya Ubangiji ka buɗa mini ƙirjina, ka sauƙaƙe mini al'amarina, ka warware ƙullin harshena, su fahimci maganata. Ta uku, wadda ya fi daɗewa yana bayani a kanta, ita ce wadda Ummu Salama ta ruwaito cewa Annabi yana faɗa in ya sallame sallar asuba, tana cikin Ibn Majah: "Allahumma inni as'aluka ilman nafi'an, wa rizƙan ɗayyiban, wa amalan mutaƙabbalan." Ya Allah ina roƙonka ilimi mai amfani, da arziki mai tsarki, da aiki karɓaɓɓe. Ya haɗa mini da kishiyarta da ke cikin Muslim, inda Annabi ke neman tsari daga ilimin da ba ya amfani, da zuciyar da ba ta tsoron Allah, da ran da ba ya ƙoshi, da addu'ar da ba a amsawa. Ta ƙarshe ita ce ta lokacin da abu ya cije, wadda Ibn Hibban ya ruwaito daga Anas: "Allahumma la sahla illa ma ja'altahu sahla, wa anta taj'alul hazna iza shi'ta sahla." Ya Allah babu mai sauƙi sai abin da ka sauƙaƙa, kai ne kake mayar da mai tsanani ya zama mai sauƙi in ka so. Wannan na fara riƙewa, domin ita ta dace da halin da nake ciki a lokacin. Gyaran sunan ya hau da sauran kusan mako biyu a rufe rajista, ranar 26 ga Fabrairu.

Kafin in je cibiyar rajista sai da muka zauna da Baba kan kwas. Ni Famasi nake so tun ina ƙaramar sakandare. Baba bai hana ni ba, ya dai ce, "Ki yi istihara tukuna, sannan ki je ki tambayi waɗanda suke karanta shi." Istihara raka'a biyu ce ta nafila, sai addu'ar da Jabir ya ruwaito a Bukhari, ka ambaci buƙatarka a ciki. Da yawa daga cikinmu mun taso da tunanin sai ka yi mafarki, ka ga fari ko kore. Malam ya ce wannan ba sharaɗi ba ne: ka yi sallarka, ka yi shawara, ka sa gaba, in alheri ne Allah zai sauƙaƙa, in ba alheri ba ne zai kawar da kai daga gare shi. Na yi, na kuma je wurin wata 'yar'uwarmu da ke aji uku a Famasi, ta gaya mini gaskiya cewa masu nema suna da yawa, gurbi kaɗan ne, sai maki mai tsoka. Darussan da zan rubuta su ne Turanci, wanda dole ne ga kowa, da Bayoloji da Kemistiri da Fiziks. Wannan haɗin darussa a kula da shi sosai, domin ko ka ci maki nawa, in haɗin bai dace da kwas ɗin ba, aikin banza ne.

Rajistar ita kanta ga yadda take. Da layin wayarka, wanda ba a taɓa yi wa wani rajistar JAMB da shi ba, za ka rubuta NIN, ka bar tazara, ka sa lambobinka goma sha ɗaya, ka tura zuwa 55019 ko 66019. Ana cire kuɗi, naira 50 a shekararmu, don haka a sa kuɗin kira a layin, data ba ta yi. Za a turo maka lambar furofayil tare da sunanka. Da ita za ka sayi lambar fin, wato lambar da ake yin rajista da ita, a banki ko wurin dillalan da aka amince da su. A shekararmu naira 6,200 ne in ba ka son jarrabawar gwaji, 7,700 in kana so. Umma ce ta cika mini na gwajin daga kuɗin adashinta, ta ce gara in ga kwamfutar da idona kafin ranar. Layin nan a adana shi kamar yadda ake adana takardar gida, domin da shi za a duba sakamako, ta nan kuma saƙonnin hukumar JAMB za su riƙa zuwa. Daga nan sai cibiyar CBT mai lasisi, wato cibiyar rajista da jarrabawa ta kwamfuta. Shagon intanet na bakin titi ba ya wannan aikin. Mun isa bayan asuba, muka rubuta suna a takarda, muka zauna a benci ƙarƙashin rumfa cikin sanyin hunturu. Sabis yana zuwa yana ɗaukewa, sai bayan la'asar aka kira ni. Aka ɗauki zanen yatsuna goma, aka ɗauki hoto da hijabina, aka juyo mini da fuskar kwamfutar na karanta komai da kaina kafin a tura: suna, jiha, ƙaramar hukuma, darussa, makarantun da na zaɓa, da garin da zan rubuta. Kar kunya ta sa ka ce "ya yi" ba ka karanta ba, ko da na baya suna ƙorafi.

Muna fitowa wani mutum mai jaka a kafaɗa ya tare mu a bakin ƙofa. Ya ce wa Yayana, "Alhaji, in ana so ƙanwar nan ta haura 280 akwai hanya, rabin kuɗi yanzu, rabi in sakamako ya fito." Yaya ya ce masa Allah ya ba mu halal, muka wuce. Ba zan ɓoye ba, maganar ta zauna mini a rai, musamman da na ji wasu a ajinmu suna haɗa kuɗi. Da na kai wa Malam, bai yi dogon wa'azi ba. Ya kawo hadisin da ke Muslim na mai sayar da abinci wanda ya ɓoye jiƙaƙƙen a ƙasa ya bar busasshen a sama, Annabi ya sa hannu ya taɓo lema, ya ce, "Wanda ya yi algus ba ya tare da ni." Sannan ya ce, "Ke da kike roƙon ilimi mai amfani da arziki mai tsarki kowace asuba, da wane baki za ki roƙa in makin na saye ne? Kuma Famasi kike nema, maganin mutane za ki riƙe." Wannan tambaya ta rufe mini zancen. Waɗanda suka ba da kuɗin kuwa, har yau ba su sake jin muryar mutumin ba.

An yi jarrabawar gwaji ranar 7 ga Maris, kuma ta amfane ni fiye da yadda na zata. A nan na gane ba sai ka iya linzamin kwamfuta ba: A, B, C, D na zaɓen amsa, N ta kai ka gaba, P ta dawo da kai baya, S kuma ta miƙa aiki ce, kar hannunka ya je kanta sai ka gama. Tambayoyi 180 ne cikin awa biyu, Turanci 60, sauran darussa uku 40 kowanne, jimillar maki 400. In ka raba, ko minti ɗaya ba ka da shi a kan kowace tambaya. Kwana kaɗan bayan haka azumi ya kama, ranar 11 ga Maris. Na mayar da karatun Fiziks da Kemistiri bayan sahur da asuba, lokacin da kai ke sake, na bar Turanci da littafin da hukumar ke bayarwa zuwa bayan tarawihi. Da rana kuwa aikin gida da girkin buɗa-baki ba sa barin mace ta zauna, sai dai tsofaffin tambayoyi da nake bi a waya in na samu sarari. Kafin in buɗe littafi nakan yi bisimilla in karanta "Rabbi zidni ilma", in na rufe in karanta wadda Tirmizi ya ruwaito daga Abu Huraira: "Allahummanfa'ni bima allamtani, wa allimni ma yanfa'uni, wa zidni ilma." Buƙatata ta musamman kuwa da Hausa nake faɗarta, a cikin sujadar nafila, da dab da shan ruwa, da daren goman ƙarshe. Nakan ce, ya Allah ka san abin da Baba da Umma suka kashe, kar ka kunyata ni, ka ba ni abin da zai amfane ni ya amfani mutane.

Ga wani abu da ya shafi mata musamman. An yi ƙaramar salla ranar 10 ga Afrilu, jarrabawa kuma za ta fara 19 ga wata. Ana gobe salla mai ƙunshi ta zo gidanmu, kowa ya miƙa hannu, ni kaɗai na hana a sa mini a yatsu, aka yi mini a ƙafa kawai. Hukumar ta sha jan kunne cewa lalle yana hana na'ura gane zanen yatsa, kuma in ba ta gane ka ba, ba ka shiga. Ranar jarrabawa na ga wata yarinya da baƙin lalle har ƙarshen farce, tana ta goga yatsunta a jikin hijabi tana dangwalawa na'urar tana ƙi, aka ware ta gefe tana kuka. Har na shiga ban ga an kira ta ba. Kwalliyar salla tana dawowa baɗi, kar a yi wasa da wannan.

Kamar mako guda kafin ranar na je na buga silif, wanda ke ɗauke da cibiya da rana da lokaci. Ba cibiyar da na yi rajista aka ba ni ba, wata ce can wajen gari, don haka Yaya ya ɗauke ni a babur muka je muka gano wurin tun kafin ranar, muka san tsawon tafiyar. Zangon safe aka sa ni. Na yi asuba, na karanta ta Ummu Salama, na durƙusa gaban Umma. Ta ɗora hannu a kaina ta ce, "Allah ya buɗa miki, Allah ya yi miki albarka, ki je ba abin da zai same ki sai alheri." Baba ya fito daga masallaci shi ma ya sa albarka. Addu'ar iyaye ga 'ya'yansu tana cikin waɗanda hadisi ya ce ana amsawa, kuma ba ta buƙatar ko sisi, sai dai ka je ka nema. A bakin ƙofa na ce, "Bismillahi, tawakkaltu alallah, la haula wa la ƙuwwata illa billah." Silif da fensir kawai na riƙe, waya da agogo da biro da kalkuleta duk ba a shiga da su, wayata na bar wa Yaya. Mata ne suka caje mu, aka dangwala yatsa, aka nuna wa kowa kujerarsa.

Da na sa lambar rajistata, hotona ya fito, sai hannuna ya kama rawa. Na karanta addu'ar Annabi Musa a hankali, na ja numfashi, na fara da Bayoloji domin shi na fi ƙarfi, na bi da Kemistiri, sai Turanci, na bar Fiziks ƙarshe. Ina tsakiyar Turanci kwamfutar ta mutu, fuskarta ta yi baƙi ƙirin. Abin da ya zo bakina shi ne "Ya Hayyu ya Ƙayyum, bi rahmatika astagis", wadda Annabi ke faɗa in abu ya tsananta. Na ɗaga hannu ban tashi daga kujera ba, wani ma'aikaci ya zo ya mayar da ni wata kwamfutar, na sake shiga, na tarar da amsoshina suna nan. In haka ta same ka, kar ka taɓa waya ko soket da kanka, ka ɗaga hannu kawai. A Fiziks akwai tambayoyin da na karanta "la sahla" a kansu na kuma kasa, domin ban iya su ba. Akwai kuma wata dabarar lissafi da ta ɓace mini, na ambaci Allah na wuce, da na dawo ta faɗo mini. Ba a rage maki don ka amsa ba daidai ba, saboda haka ban bar ko ɗaya fayau ba.

An saki sakamako ranar 29 ga Afrilu. Ana tura UTMERESULT a haɗe zuwa 55019 ko 66019 da layin da aka yi rajista, a cire naira 50. Na samu ɗari biyu da 'yan kai. A shekarar kusan kashi uku cikin huɗu na waɗanda suka rubuta ba su kai 200 ba, don haka a gida murna ake, ni kuwa na san bai isa Famasi ba. Na shige ɗaki na yi kuka sosai. Har zuciyata ta fara raya mini cewa duk tsayuwar goman ƙarshe ina ta tafi. Da daddare Baba ya kira ni ya ce, "Me kika roƙa a istihararki? Ba cewa kika yi in ba alheri ba ne a kawar da ke daga gare shi, a ƙaddara miki alheri duk inda yake, a sa ki yarda da shi ba?" Haka lafazin yake kuwa. Malam ma da na koma ya karanta mini hadisin Muslim da ke cewa ka yi kwaɗayin abin da zai amfane ka, ka nemi taimakon Allah, kar ka gajiya, in wani abu ya same ka kar ka ce da na yi kaza, ka ce Allah ne ya ƙaddara, abin da ya so shi ya aikata. Ba a rana ɗaya zuciyata ta sauka ba, amma ta sauka.

Sauran matakan ba su da wuya, sai dai suna son sa ido. Mafi ƙarancin makin da aka tsayar wa jami'o'i a shekarar 140 ne, amma wannan ƙofar waje ce kawai, kowace jami'a da kowane sashe suna da nasu. Na koma cibiyar CBT na biya kuɗin canjin kwas zuwa Bayokemistiri, wanda darussana suka dace da shi, na kuma sa aka ɗora sakamakona na NECO a shafin JAMB, domin in babu shi ba a ba ka gurbi. Na cike fom ɗin tantancewa na jami'ar, na je na yi, sannan aka shiga dogon jira na watanni, kullum ina leƙa CAPS, shafin JAMB da ake ba da gurbi ta cikinsa. Ranar da na ga an ba ni, na danna karɓa, na yi sujadar godiya, na je na buga takardar shaidar gurbin da ta sakamako ta asali, waɗanda ake nema wurin rajistar makaranta. Duk gurbin da bai bi ta CAPS ba, ko wa ya yi maka alkawarinsa, hukumar ba ta san da shi ba.

Abin da na fahimta a tafiyar nan shi ne addu'o'in da suka tabbata ba su ambaci maki ba, ilimi mai amfani suke nema da sauƙi da buɗin ƙirji, kuma wanda yake faɗarsu da gaske dole halinsa ya bi su. Su suka hana ni miƙa kuɗi a bakin ƙofar cibiya, su suka tashe ni karatu bayan sahur, su kuma suka riƙe ni ranar da sakamako bai zo yadda na so ba. Na ga waɗanda suka ajiye littafi suka dogara da rubutun sha, na ga waɗanda suka yi ta karatu har sallar asuba tana wuce su. Hadisin mai raƙumi da ke Tirmizi ya raba gardama: ka ɗaure shi, sannan ka dogara ga Allah. Duba NIN da wuri, da zuwa gano cibiya, da barin lalle, duk suna cikin ɗaurin.

Tambayar da 'yan mata suka fi yi mini a keɓe ita ce, in ranar jarrabawa ta zo mace tana fashin salla fa? Na tambayi matar Malam, ta ce salla da azumi ne aka ɗauke mata, zikiri da addu'a suna nan, duk waɗannan da na lissafa tana iya faɗarsu da niyyar roƙo. Waɗanda aka sa zangon rana ko na yamma kuma su fito da alwalarsu daga gida, su lura da lokacin azahar da la'asar, domin layin tantance yatsa yakan ja, kuma ba kowace cibiya ce ke da wadataccen ruwa ba.